Yadda Waya ke Sanin Sassanta: Tashin Na'ura da Rajistar Direbobi a Kanel, da Misalai daga Faskari

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin abin da ke faruwa a cikin wayar hannu tun daga danna maɓallin kunnawa har zuwa lokacin da fuskarta ta haska. An mayar da hankali a kan kanel na Linux, wanda shi ne tushen manhajar Android, da yadda yake gano sassan na'ura ya haɗa kowane sashe da direban da zai sarrafa shi. An kawo misalai daga matsalolin da masu gyaran waya ke cin karo da su a yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Maƙalar ta nuna cewa kanel ba ya tashi da sanin na'urar da yake ciki, sai an bayyana masa ita, kuma fahimtar hakan sharaɗi ne ga duk mai son samar wa wannan fage keɓaɓɓun kalmomin Hausa.

1.0 Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Faskari tana kudancin Jihar Katsina, a kan iyaka da Jihar Zamfara, kuma babbar hanyar da ta tashi daga Funtuwa zuwa Gusau ta ratsa garuruwanta irin su Sheme da 'Yankara. A nan, kamar sauran ƙasar Hausa, wayar hannu ta zama kayan sana'a. Da ita manomi ke tambayar farashin masara kafin ya yi lodi, da ita ake tura kuɗi, da ita kuma ake sanar da 'yan'uwa halin da hanya ke ciki. Mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a ƙirar Tecno ne da Itel da Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kuma galibin manyan cikinsu suna aiki da furosesar kamfanin MediaTek na Taiwan ko ta Unisoc.

Idan irin wannan waya ta lalace, akwai lafuzzan da ake ji a teburin mai gyara: ta tsaya a logo, taci ya daina aiki, an yi mata filashin ta mutu. Sau da yawa babu abin da ya ƙone a jikin wayar. Abin da ya faru shi ne manhajar da ke ciki ta kasa gane wani sashe, ko ta gane shi amma ta rasa wanda zai yi magana da shi. Wannan shi ne batun da masana kwamfuta ke kira tayar da sassa da rajistar direbobi. Manazarcin Hausa yana da ruwa da tsaki a ciki, domin jama'a sun riga sun fara raɗa wa abubuwan suna a kasuwa tun kafin ƙamus ya iso wurin.

2.0 Ma'anar Kanel da Direba

Babbar manhajar kwamfuta ko ta waya hawa-hawa ce. A sama akwai manhajojin da mutum ke gani, kamar WhatsApp da kyamara. A can ƙasa akwai ɓangaren da shi kaɗai ke da izinin taɓa ƙarafan na'ura kai-tsaye, ya raba wa manhajoji lokacin furosesa da gurbin ma'adana. Shi ne kanel. Asalin ma'anar kalmar ita ce ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ta gyaɗa.

Kanel ɗin da ke cikin kowace wayar Android shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, bisa salon Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka assasa a 1969 a Amurka. A yau rubutun Linux ya haura layi miliyan 30, kuma fiye da rabinsa direbobi ne.

Direba wani guntun manhaja ne da ya san yadda ake sarrafa nau'in sashe guda. Kowane aisi yana da nasa adireshi da nasa umarni da tsarin da ake bi wajen kunna shi. Manhajar da ke sama ba ta san waɗannan ba. Ita dai takan ce a ɗauki hoto, sai kanel ya miƙa buƙatar ga direban kyamara, shi kuma ya mayar da ita jerin lambobin da aisin kyamarar ke ganewa. Da wannan tsari ne manhaja ɗaya ke aiki a dubban wayoyi masu sassa mabambanta.

3.0 Matakan Tashi

Lokacin da aka danna maɓalli, furosesa ba ta san komai ba face wani ɗan umarni da aka ƙona a jikinta tun daga masana'anta, wanda ba ya goguwa. Aikinsa shi ne ya nemo manhajar tayarwa ta farko daga ma'adanar dindindin. A wayoyin MediaTek ana kiran wannan manhaja firiloda, kuma babban aikinta shi ne tayar da ram, wato ma'adanar wucin-gadi, domin sai da ita babbar manhaja ke samun wurin zama. Daga nan sai manhajar tayarwa ta biyu ta karɓa. Ita ce ke kunna sikirin ta nuna logo, sannan ta ɗora kanel a ram tare da takardar bayanin sassa, ta miƙa masa ragama.

Kanel yana farawa ne da abubuwan da babu aikin da zai yiwu sai da su: tsarin ma'adana, da agogon ciki, da hanyar da sassa ke ƙwanƙwasa wa furosesa idan suna da saƙo. Bayan haka sai ya kira ayyukan tayarwa bi da bi. Linux ya kasa su zuwa manyan matakai takwas, daga 0 zuwa 7. Ginshiƙai ne ke fara tashi, sai hanyoyin sadarwa na cikin na'ura a mataki na 4, sai galibin direbobi a mataki na 6. Idan an kammala, kanel ya tayar da manhaja ta farko mai lamba 1, wadda ake kira init, ita kuma ta tayar da sauran Android.

Wannan jeri yana fassara lafazin nan na tsayawa a logo. Ganin logo shaida ce cewa matakan farko sun yi aiki, ram ta tashi, sikirin ya kunnu. Matsalar tana gaba: ko dai kanel ya tsaya, ko kuma Android tana jiran wani sashe da bai amsa ba.

4.0 Sassa Masu Faɗin Sunansu da Marasa Faɗi

Ta fuskar ganowa, sassan na'ura kashi biyu ne. Kashi na farko su ne waɗanda ake iya tambaya su amsa. Hanyar PCI da kamfanin Intel ya fitar a 1992, da hanyar USB da ta fito a 1996, an tsara su ne ta yadda kowane sashe zai riƙe lambobi biyu, ɗaya ta kamfanin da ya ƙera shi, ɗaya ta samfurinsa. Lambar Intel a PCI ita ce 8086, ta MediaTek a USB kuwa 0E8D. Da zarar an soka abu a ramin USB, sai kanel ya tambaye shi ko wane ne, ya karanta lambobin, ya duba ko akwai direban da ya ce ya san su.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba su iya faɗin komai, kuma su ne mafi yawa a cikin waya. Aisin taci da na caji da na sauti an liƙa su ne a kan bod, ana magana da su ta siraran hanyoyi kamar I2C da SPI, waɗanda ba su da tsarin tambayar suna. Dole wani ya gaya wa kanel cewa akwai sashe kaza a adireshi kaza, ga ƙafar da ke ba shi wuta, ga wadda yake ƙwanƙwasawa da ita.

A da, ana rubuta wannan bayani ne a cikin kanel ɗin kansa, kowane bod da nasa fayil. Yayin da wayoyi masu furosesar ARM suka yawaita, fayilolin suka zama tsibi, har Torvalds ya fito fili ya nuna ɓacin ransa a 2011. Daga nan aka koma ga wata dabara da ta samo asali daga ƙa'idar IEEE 1275 ta 1994, wato bishiyar sassa. Takarda ce daban da kanel, wadda ke jera sassan na'ura reshe-reshe. Wanda ya saba da bishiyar li'irabi a nazarin ginin jimla zai gane ta nan take: bod ne a sama, ƙarƙashinsa hanyoyi, ƙarƙashin kowace hanya sassan da ke rataye a kanta. Kowane reshe yana ɗauke da sunan dacewa, wanda ya haɗa sunan kamfani da na samfuri. Misali, reshen da aka rubuta wa goodix,gt911 yana nufin aisin taci samfurin GT911 na kamfanin Goodix. Kwamfutocin tebur da na cinya kuwa suna amfani da wani tsari mai irin wannan aiki, ACPI, wanda ya fito a 1996.

5.0 Rajista da Haɗi

Tsarin da Linux ke bi a yau wajen haɗa sashe da direba ya kankama ne a fitowa ta 2.6, a watan Disamba na 2003, bisa aikin Patrick Mochel, wanda Greg Kroah-Hartman ya ci gaba da kula da shi. Ana iya kwatanta shi da tashar mota. Kowace hanya, USB ce ko I2C, tana riƙe da rajista biyu: ta sassan da aka gano, da ta direbobin da suka gabatar da kansu. Direba idan ya zo rajista yakan miƙa jerin sunaye ko lambobin sassan da ya iya, tare da ayyuka biyu: wanda za a kira idan an ba shi sashe, da wanda za a kira idan an cire.

Hikimar tsarin ita ce bai damu da wanda ya riga zuwa ba. Idan sabon sashe ya bayyana, hanya za ta bi rajistar direbobi ta nemi wanda ya dace. Idan sabon direba ne ya zo, za ta bi rajistar sassa ta nemi wanda ke zaune babu mai shi. Wannan ne ya sa ake iya soka maɓallan rubutu ko filas ga na'urar da ta daɗe a kunne su kama aiki.

Dacewar suna ba ta wadatar ba, sai an yi gwaji. A wannan mataki direba yakan kunna wa sashen wuta, ya farkar da shi, ya karanta lambar shaidarsa don tabbatarwa, ya nemi layin ƙwanƙwasawa, sannan ya sanar da na sama cewa ga taci ko ga kyamara ta samu. Idan sashen bai amsa ba, direba ya mayar da duk abin da ya karɓa ya janye, sashen ya zauna babu mai sarrafa shi. Kanel ba ya tsayawa saboda haka. Wayar za ta tashi, sai dai wannan sashe ba zai motsa ba.

Akwai kuma matsalar dogaro. Aisin taci ba zai tashi ba sai aisin da ke raba wuta ya tashi, shi kuma yana jiran hanyar da ake magana da shi. Matakai takwas ɗin nan ba su isa su warware kowane irin sarƙaƙiya ba. A 2012, a fitowa ta 3.4, aka shigar da dabarar Grant Likely ta jinkirta gwaji. Direban da ya tarar abin da yake buƙata bai shirya ba yakan mayar da wata lamba ta musamman, 517, mai nufin a dawo daga baya. Kanel ya ajiye shi a layin jira, kuma duk lokacin da wani direba ya yi nasara sai a sake gwada na layin, har kowa ya samu.

6.0 Misalai daga Teburin Mai Gyara

Misali na farko shi ne canjin sikirin. Kamfani kan sayi sikirin samfurin waya guda daga masana'antu daban-daban, kowanne da nasa aisi. Saboda haka yakan zuba direbobin dukansu a manhajar wayar, a lokacin tashi a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Idan mai gyara a Faskari ya yi odar sikirin daga Funtuwa ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya zo daidai da girman wayar da bakin soketinta, amma aisinsa ba ya cikin jerin, sai fuskar ta yi fari fat, ko hoto ya fito taci ya ƙi. Sikirin lafiyarsa lau, wayar ma haka. Direba ne babu. Mai gyaran da ya san haka zai mayar da kayan a canza masa, maimakon ya ɗora wa bod laifi ya sa mai waya asarar kuɗi.

Na biyu shi ne filashin, wato sake zuba manhaja. Wayoyi biyu na iya zama da suna ɗaya a kwali amma bod ɗinsu ya bambanta. Idan aka zuba wa ɗaya manhajar ɗayar, bishiyar sassa za ta bayyana abin da babu shi. Idan kuwa firiloda ce ba ta dace da aisin ma'adana ba, ram ba za ta tashi ba, ko logo ba za a gani ba. Ita ce wayar da ake cewa ta mutu. Sau da yawa ana iya ceto ta, domin umarnin nan da aka ƙona a jikin furosesa yana nan, kuma yana amsawa ta USB. A nan sai lamarin ya juya: wayar ce ta zama sashe, kwamfutar mai gyara kuma ita ke neman direban da ya san lamba 0E8D. In ba a sa mata shi ba, manhajar SP Flash Tool za ta yi ta jira ba ta ga komai ba.

Na uku shi ne rashin sabis. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, kuma rufewar ta ɗauki watanni. A lokacin, lafiyayyar waya da mai ciwo duk abu ɗaya suke nunawa a fuska. Bambancinsu yana ciki. Sashen da ke magana da eriyar kamfani, wato modem, wata furosesa ce mai manhajarta, wadda direba a kanel ke sadarwa da ita. Idan aka danna *#06# lambar IMEI mai alƙaluma 15 ta fito, modem ya tashi. Idan ba ta fito ba, ko dai modem bai tashi ba, ko an goge ɓangaren ma'adanar da ke riƙe da bayanansa, kuma ko an kai wayar gindin eriya ba za ta yi kira ba.

7.0 Haɗarin Direba da Tsufan Waya

A Linux da Windows, direbobi da yawa suna aiki ne a cikin kanel da cikakken iko, don haka kuskuren ɗaya na iya kayar da na'ura baki ɗaya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford a 2001 ya gano cewa yawan kurakurai a direbobin Linux ya ninka na sauran sassan kanel sau uku zuwa bakwai. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabuntawa da kamfanin CrowdStrike ya aika ya sa direbansa ya kayar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi a ƙasashe da dama. Akwai masanan da tun tuni suke ganin a fitar da direbobi waje a bar kanel ƙarami. Wannan ne tushen muhawarar da aka yi a 1992 tsakanin Torvalds da Andrew Tanenbaum, mai manhajar Minix. Tsarin Linux ya yi rinjaye a kasuwa, amma muhawarar ba ta mutu ba.

Abin da ya fi shafar mai waya a Faskari shi ne tsufa. Linux ba ya alƙawarin cewa hanyoyin da direba ke bi a cikinsa za su dawwama. Direban da aka shigar cikin babban rumbun Linux ana gyara shi tare da kowane sauyi. Wanda kamfani ya riƙe a hannunsa kuwa yana ɗaure ne da kanel ɗin da aka rubuta shi dominsa. Ranar da kamfanin ya daina kula da shi, wayar ta daina samun sabuntawa, a hankali manhajar banki ta ƙi hawa, alhali ƙarafanta garau suke. Google ya yi yunƙurin rage wannan da shirin Treble a 2017, sannan daga Android 12 a 2021 ya wajabta wa sababbin wayoyi masu sabon kanel amfani da kanel na bai-ɗaya, a riƙa ɗora direbobin kamfani a kansa daga waje.

8.0 Abin da ya Shafi Nazarin Hausa

Batun ya taɓo Hausa ta fuska biyu. Ta farko ita ce haruffa masu ƙugiya. Ana yawan jin cewa kwamfuta kaza ba ta da ƙ ko ɗ. Direban maɓallan rubutu bai san harafi ba ko ɗaya, lambar maɓalli kawai yake aikawa. A Linux, maɓallin k lamba 37 ne, d 32, b kuma 48. A waya ma direban taci wurin da yatsa ya taɓa kawai yake faɗa. Manhajar da ke sama ce ke yanke cewa lamba 37 za ta zama k ko ƙ, wanda ma'aunin Unicode ya ba gurbi na 0199, kamar yadda ya ba ɓ 0253 da ɗ 0257. Ke nan rashin ƙugiya a rubutun ɗalibai ba matsalar ƙarfe ba ce. Tsarin maɓallai ne da zanen haruffa, kuma sassan Hausa na jami'o'i suna iya daidaita su ba tare da sayen sabuwar na'ura ba.

Ta biyu ita ce keɓaɓɓun kalmomi. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi hidima, amma wannan fage yana jiran irin nasa. Fassarar kai-tsaye tana da tarko. Ƙwaya ta dace da kanel a ma'ana, sai dai a bakin jama'a ta karkata ga magani da kayan maye. Jigo ya dace da matsayinsa, amma ya riga ya zama kalmar nazarin adabi. Tafinta ya fi bayyana aikin direba, amma masu gyara sun riga sun zauna a kan direba, kuma kalmar tana tafiya da rajista da layi da gwaji, waɗanda duk Bahaushe ya sani a tasha. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara tattara abin da masu sana'ar ke faɗa a Faskari da Funtuwa da Kano, a auna kowace kalma da ainihin aikin da na'ura ke yi, sannan a ƙirƙiri sabuwa a inda aka ga giɓi kawai.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tashin waya daga umarnin da ke jikin furosesa zuwa manhaja ta farko, ta nuna cewa sashe ba ya aiki sai abu uku sun haɗu: an gano shi ko an bayyana shi, akwai direban da ya yi rajista da sunansa, kuma gwaji ya yi nasara. Farin sikirin da mutuwar waya bayan filashin da ɓacewar IMEI duk suna komawa ga rashin ɗaya daga cikin ukun. Yaron da ke koyon gyara a Faskari yana cin karo da waɗannan kullum, kuma da Hausa ubangidansa ke koya masa. Rubuta wannan ilimi da kalmomin da aka tantance aiki ne da ya rataya a kan masana Hausa da na kwamfuta tare.